Gyaran ƙashin baya da hannu: yana maganin ciwon kwankwaso, ko ƙara ce kawai?

Habibu: Assalamu alaikum jama'a. Bidiyon masu murɗa bayan mutane har ya yi ƙas ya yi yawa, kuma mutane suna ta tambaya ko wannan kairofraktik ɗin magani ne na gaske. Ina so mu tsaya a kan ciwon kwankwaso, don a nan ne aka fi yin bincike. Abin da ke damuna shi ne asalin sana'ar. Daniel David Palmer ne ya kafa ta a 1895 a garin Davenport na jihar Iowa a Amurka, bayan ya ce ya danna wani ƙashi a bayan wani mai sharar gini mai suna Harvey Lillard, jinsa ya dawo. Daga nan ya gina aƙidar cewa yawancin cututtuka daga gocewar ƙashin baya suke, wai ƙashin ya danne jijiya ya tare lafiya. Abin da aka ɗora a kan wannan tubalin, ta yaya za a miƙa masa baya?

Auwalu: Wa alaikumus salam. Malam Habibu, asali daban, abin da ake yi yau daban. Hukumar da ke kula da masu wannan aiki a Birtaniya da kanta ta fito a 2010 ta ce batun gocewar nan tarihi ne, babu hujjar asibiti da ta nuna yana haddasa cuta. Tambayar da ta dace ita ce: dannawar da ake yi da hannu tana rage ciwon baya ko ba ta ragewa? Wannan kuma an gwada. Kuma ba su kaɗai ke yin ta ba, likitocin gashin ƙashi ma da suka koya suna yi.

Zainab: Kafin ku yi nisa, a fahimci abin da ake taɓawa. Ƙashin baya guda-guda ne a jere: 7 a wuya, 12 a daidai ƙirji inda haƙarƙari ke maƙale, 5 a kwankwaso, sai na ƙasa da suka haɗe suka zama ɗaya. Tsakanin kusan kowane biyu akwai faifai mai tauri a gefe da laushi a tsakiya, guda 23 ne duka. Ta baya kuma kowane ƙashi yana haɗuwa da na ƙasansa ta wasu ƙananan gaɓoɓi biyu, dama da hagu, masu ruwa a ciki kamar gaɓar yatsa. Waɗannan ƙananan gaɓoɓin su ne ke yin ƙarar.

Ga yadda ake yi a kwankwaso: mutum zai kwanta ta gefe, ƙafar ƙasa a miƙe, ta sama a lanƙwashe. Mai aikin zai tokare kafaɗa ta baya, ya juyo ƙugu ta gaba a hankali har gaɓar ta kai iyakar inda take motsawa da kanta. Sai ya yi turi ɗaya, gajere, mai sauri, wanda bai kai rabin daƙiƙa ba. Fuskokin gaɓar suna rabuwa kaɗan, matsin ruwan ciki ya faɗi, iskar da ke narke a ruwan ta fito ta yi kumfa. Ƙarar ke nan. Shi ya sa in gaɓa ta yi ƙas, sai an jira kamar minti 20 kafin ta sake yi, sai iskar ta koma ta narke. Da ƙashi ne ya koma mazauninsa, ai ba zai sake gocewa duk bayan minti 20 ba.

Habibu: To Malama Zainab, in babu abin da ya koma wurinsa, sauƙin daga ina?

Zainab: Daga jijiyoyi da tsoka. Miƙewar nan ta farat ɗaya tana zaburar da jijiyoyin da ke cikin gaɓar da tsokar da ke kewaye, tsokar da ta ɗaure ta saki, jin zafi ya ragu na ɗan lokaci. Ga kuma kwanciyar hankalin wanda aka duba da kyau aka ce masa bayansa bai lalace ba. An ma gwada an ga jin ƙarar ko rashin jin ta ba shi ke nuna wanda zai samu sauƙi ba. Sannan da aka auna da na'ura, kusan rabin lokaci gaɓar da ta yi ƙara a kwankwaso ba ita aka nufa ba. Saboda haka mai cewa "na mayar maka da ƙashi na huɗu" ya faɗi abin da hannunsa bai isa ya tabbatar ba.

Dakta Nasiru: Ni abin da ya fi muhimmanci a wurina yana zuwa ne kafin a kwantar da mutum. Kusan 90 cikin 100 na ciwon kwankwaso ba a iya nuna takamaiman abin da ya jawo shi, kuma ba shi da hatsari. Sauran ne matsalar, don a cikinsu akwai waɗanda turi ɗaya zai iya nakasa su.

Na farko, wanda ba ya jiran gobe. Laka tana ƙarewa ne a daidai ƙashin kwankwaso na ɗaya zuwa na biyu, daga nan jijiyoyi suke saukowa a tattare kamar jelar doki. In faifai ya fashe sosai ya danne su, mutum zai ji tsakanin cinyoyinsa da mazaunansa da al'aurarsa sun yi dindiris, fitsari ya ƙi fita ko ya zubo bai sani ba, bayan gida ya kuɓuce, ƙafafu biyu su yi rauni. Wannan asibiti ne a wannan sa'ar, aikin tiyata ne na gaggawa. Jinkirin kwana ɗaya ko biyu yana iya barin mutum da matsalar fitsari har ƙarshen rayuwa.

Sai ciwon da ba ya lafawa ko an kwanta, yana tada mutum cikin dare, ga rama ba dalili, ga zazzaɓi ko gumin dare. A nan ana tunanin ƙwayar cuta a ƙashi, musamman tarin fuka na ƙashin baya, wanda ke cinye ƙashin har ya rufta ya yi doro. Ana kuma tunanin kansa, domin ta mama, ta mafitsarar maza, ta huhu, ta ƙoda da ta ƙullin gaban wuya da ake kira thyroid suna yawan yaɗuwa zuwa ƙashin baya. Duk wanda ya taɓa yin kansa sannan ya zo da sabon ciwon baya, ba a taɓa shi sai an yi hoto.

Sai masu zaizayewar ƙashi: tsofaffi, mata bayan ɗaukewar al'ada, da wanda ya daɗe yana shan magani irin prednisolone. Su atishawa mai ƙarfi ma tana iya tsaga musu ƙashi, balle turi. Haka mai shan maganin tsinka jini irin warfarin, jini yana iya taruwa kusa da laka. Haka wanda ya faɗo ko ya yi hatsari ba a tabbatar babu karaya ba. Akwai kuma matashin da bayansa ke sagewa da safe fiye da rabin sa'a, motsi yana sauƙaƙa masa, hutu yana tsananta masa. Wannan alamar kumburin gaɓoɓin baya ne, maganinsa daban, kuma in ƙasusuwan suka haɗe suna karyewa cikin sauƙi.

Wanda bai yi maka waɗannan tambayoyin ba ya ce ka hau gado, ka ɗauki takalminka ka fita.

Hajiya Rabi: Dakta ka gama magana. In ƙara da gwajin ƙafa, don bai wuce minti biyar ba amma ana tsallake shi. A sa mutum ya taka a kan dunduniya, sannan a kan yatsu. Wanda ya kasa ɗaga babban yatsa ko tafin ƙafa sama, jijiyar L5 ake zargi, wato wadda ke fita a daidai ƙashin kwankwaso na biyar. Wanda ya kasa ɗagawa a kan yatsu, jijiyar S1, wadda ke fita daga haɗaɗɗen ƙashin da ke ƙasan kwankwaso. A buga ƙasan gwiwa da bayan idon sawu a ga ko suna zabura. Sannan ya kwanta rigingine a ɗaga ƙafarsa a miƙe. In zafi ya harba daga mazaunai ya wuce gwiwa tun ƙafar tana tsakanin digiri 30 da 70, akwai alamar jijiya a danne. Fiye da 90 cikin 100 na fashewar faifan kwankwaso a matakai biyu na ƙasa suke, L4 zuwa L5 da L5 zuwa S1, don nan nauyi ya fi sauka.

Auwalu: Duk na yarda. Amma kada mu tsoratar da mutane har su manta cewa ga mai ciwon baya na yau da kullum, manyan hukumomi sun amince da shi. Ƙungiyar likitocin Amurka ta ACP a ƙa'idarta ta 2017 ta sa shi cikin abubuwan da za a fara gwadawa kafin ƙwaya, tare da ɗumi da tausa. Hukumar Lafiya ta Duniya a Disambar 2023 ta ce ana iya yin sa ga mai daɗaɗɗen ciwon baya. A takardar ce kuma ta hana jan baya da na'ura, da ɗamarar kwankwaso, da magunguna masu sa maye dangin tramadol. Cutar da ta kama mutum miliyan 619 a 2020, ai duk abin da zai rage dogaro da ƙwaya abin maraba ne.

Hajiya Rabi: Auwalu ɗana, ka faɗi gaskiya amma ka bar rabinta. Nawa ne sauƙin? Nazarin da ya fito a mujallar JAMA a 2017 ya haɗa gwaje-gwaje a kan sabon ciwon baya, ya samu ragin kusan maki 10 a ma'aunin zafi mai maki 100. Na mujallar BMJ a 2019 ya haɗa gwaje-gwaje 47 da mutum fiye da 9,000 masu daɗaɗɗen ciwo, ya ce sakamakonsa daidai yake da sauran hanyoyin da ake ba da shawara, kamar motsa jiki. Daidai, ba fiye ba. Kuma ka lura da yadda hukumar NICE ta Ingila ta rubuta a 2016: a yi shi ne kawai a cikin tsarin da ya haɗa da motsa jiki. Ba ta ce a yi shi shi kaɗai ba. Sabon ciwon baya kuwa yawancinsa yana lafawa sosai cikin makonni 6 ko an taɓa ko ba a taɓa ba. Wanda aka danna a mako na biyu ya warke a na huɗu zai rantse hannu ne ya warkar da shi.

Auwalu: Haka ne Hajiya, ban musa muku ba. Sai dai maki 10 ɗin nan kusan shi ne abin da ibuprofen da danginsa ke bayarwa, su kuma suna taɓa gyambon ciki da ƙoda, suna iya tada hawan jini. Paracetamol kuwa an gwada shi a Ostireliya, aka buga a mujallar Lancet a 2014, bai fi ƙwayar bogi ba a sabon ciwon baya. In duk hanyoyin ƙanana ne, mutum yana da haƙƙin ya zaɓi wadda ba za ta ci masa ciki ba. Kuma maki 10 matsakaici ne. Wanda ciwonsa bai kai kwana 16 ba kuma bai sauka ƙasan gwiwa ba, wani bincike ya nuna shi ya fi jin daɗinsa, ko da yake da aka maimaita a wani wuri ba a samu haka sosai ba.

Hajiya Rabi: A nan mun haɗu. Zaɓi ne cikin zaɓuɓɓuka. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne a sayar da shi a matsayin gyaran tushen cuta.

Habibu: Ku dakata, akwai abin da ban ji an taɓo ba. Mutum ya je da ciwon kwankwaso, sai a kama kansa a murɗe wuya. Me ya haɗa su?

Dakta Nasiru: Babu abin da ya haɗa su, kuma ina ba da shawarar a ƙi. Akwai jijiyoyin jini biyu da ke hawa ta cikin ramukan gefen ƙasusuwan wuya, suna lanƙwasa sosai a ƙashi na ɗaya da na biyu kafin su shiga kwanyar kai. Juyawa mai ƙarfi tana miƙe su. In bangon ciki ya tsage, jini yana daskarewa a wurin, gudan ya tafi ƙwaƙwalwa, shanyewar ɓarin jiki ke nan, kuma sau da yawa a matasa. Abin ba ya yawan faruwa, kuma akwai gardama a kai: wani babban bincike a Ontario ta Kanada a 2008 ya ga cewa masu irin wannan shanyewar sun ziyarci likitan asibiti ma kafin ta same su, wato wataƙila tsagewar ce ta fara, ta kawo ciwon wuya, mutum ya tafi neman magani. Amma ko haka ne, wuyan da jijiyarsa ta riga ta tsage shi ne mafi munin wanda za a murɗa. Ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka a 2014 ta ce a riƙa sanar da mutum wannan alaƙar kafin a taɓa shi. Bayan an taɓa wuya, in aka ji ciwon ƙeya mai tsanani irin wanda ba a saba ba, jiri, gani biyu-biyu, harɗewar harshe, wahalar haɗiya ko tangaɗi, a nufi sashen gaggawa, kada a koma wurin wanda ya yi. Masu amosanin gaɓoɓi irin na garkuwar jiki ma ba a murɗa musu wuya ko kaɗan, don igiyar da ke riƙe ƙashi na ɗaya da na biyu tana sakwarkwacewa.

Zainab: A kwankwaso kam mummunan lahani yana da wuya ƙwarai in an tantance mutum. Abin da ya zama ruwan dare shi ne tsami da sagewa da gajiya, kusan rabin mutane ko fiye suna ji, kuma yana wucewa cikin kwana ɗaya ko biyu. Wanda ba a yarda da shi ba shi ne sabon zafi mai saukowa ƙafa, ko rauni, ko dindiris da babu shi a da. Kuma ba dole sai turi ba. Akwai motsa gaɓa a hankali ana maimaitawa ba tare da an kai ga ƙara ba, sakamakonsu kusan ɗaya, shi ya fi dacewa da mai tsoro ko mai shekaru.

Habibu: Hoton ƙashi fa? Wasu ba sa farawa sai sun ɗauki hoton baya gaba ɗaya, su ja layuka da biro su ce ga karkata.

Hajiya Rabi: Wannan ne ya fi ɓata min rai. In babu alamun hatsarin da Dakta ya lissafa, ba a buƙatar hoto a makonnin farko. Hoton kwankwaso ɗaya yana ba jiki hasken da ya ninka na hoton ƙirji fiye da sau goma, kuma gaɓoɓin haihuwa suna kan hanya. Sannan me za a gani? Nazarin 2015 a kan mutanen da babu abin da ke damun bayansu ya nuna 37 cikin 100 na 'yan shekara 20 faifansu ya fara tsufa a hoto, a 'yan shekara 80 kuwa 96 cikin 100. Ɓullowar faifai 30 cikin 100 tun a shekara 20. Furfurar ciki ce. Amma da zarar an nuna wa mutum hoto aka ce bayanka ya karkace, sai ya daina sunkuyawa, ya daina ɗaukar komai, tsoka ta yi rauni, tsoro ya zauna. Daga nan ne ciwon makonni ke zama na shekaru.

Auwalu: A kan yawan zuwa, ga abin da nake gani daidai. A rubuta tun ranar farko: zafi nawa cikin 10, minti nawa kake iya zama, nisan da kake iya takawa. A je sau 4 zuwa 6 cikin makonni biyu zuwa huɗu, a sake aunawa. In babu canjin da za a nuna, a tsaya a sake tunani, ba a ƙara ashirin ba. Wani gwaji a Amurka da mutum 400 ya raba su, wasu ba a danna su ba, wasu aka danna su sau 6, wasu 12, wasu 18 cikin makonni shida. Na 12 ne ya ɗan fi, 18 bai ƙara wani abin kirki ba.

Hajiya Rabi: Zuwan da ba ya ƙarewa fa, wai don kada ƙashi ya sake gocewa?

Auwalu: Dalilin ƙarya ne, amma zan faɗi abu ɗaya don adalci. An gwada a Suwidin ga masu ciwon da ke yawan dawowa waɗanda suka ji daɗin zuwan farko. Masu zuwa jefi-jefi sun samu ragin kusan kwana 13 na ciwo a shekara. Ga wannan rukunin ana iya tattaunawa. Ga mai lafiya, ko jariri, ko mai asma da hawan jini, babu hujja.

Dakta Nasiru: Mai faifan da ya fashe yana tambaya ko za a iya tura shi ya koma. Ba za a iya ba. Tsakanin fata da faifan akwai tsoka da ƙashi masu kauri, abin da ya fito kuma ta tsaga ya fito. Labari mai daɗi shi ne jiki da kansa yana tsotse shi, kusan biyu cikin uku suna raguwa ba tare da tiyata ba, kuma manyan da suka ɓalle sun fi saurin narkewa. In zafin ƙafa ne kawai babu rauni, ana jira makonni 6 zuwa 12 da motsi da magani. In ƙafa ta fara ja a ƙasa ko raunin yana ƙaruwa, likitan ƙashi ko na jijiya za a gani da hoton MRI, ba turi ba.

Habibu: Na sauko daga inda na fara, amma ba gaba ɗaya ba. Har yanzu ina ganin wanda zai je ya tambayi takardar karatu. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2005 ta ce cikakken horo sa'a 4,200 ne, a ciki 1,000 na duba marasa lafiya a gaban malami. Wanda ya koya a kwas na mako biyu ko a bidiyo bai san abin da Dakta ya lissafa ba. Malama Zainab, shi mai ciwon me zai yi tsakanin zuwa da zuwa?

Zainab: Kada ya kwanta ya yini. Kwanciyar da ta wuce kwana ɗaya ko biyu tana jinkirta warkewa. Ɗumi minti 15 zuwa 20, da ƙyalle tsakanin fata da abin ɗumin. In zai kwanta ta gefe, matashi tsakanin gwiwoyi, in rigingine ne, a ƙarƙashinsu. Mai zaman aiki ya miƙe duk rabin sa'a. Tafiya ya fara da minti 10 ya ƙara har ya kai 30, sau biyar a mako. Gwajin da aka buga a Lancet a 2024 da mutum 701 ya nuna masu tafiyar sun kai kwana 208 kafin ciwon ya dawo ya hana su harka, waɗanda ba su yi ba kwana 112.

In zafin ya lafa, ga motsi ɗaya mai sauƙi: a yi rarrafe, hannaye a ƙarƙashin kafaɗu, gwiwoyi a ƙarƙashin ƙugu. A miƙa hannun dama gaba da ƙafar hagu baya, a riƙe daƙiƙa 10 ana numfashi, a sauya. Sau 5 kowane ɓangare ya isa a farko. Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaga ƙafar ta wuce tsayin ƙugu, sai kwankwaso ya lotsa, nauyin ya koma kan ƙananan gaɓoɓin nan da ake son su huta.

Hajiya Rabi: A kuma lura da inda zafin yake tafiya lokacin motsin. In yana barin ƙafa yana tattaruwa a tsakiyar baya, a ci gaba ko da bayan ya ɗan ƙara tsami. In yana saukowa daga mazaunai zuwa cinya zuwa ƙauri, a bar wannan motsin a gaya wa mai duba ka a zuwa na gaba.